Wata Uku a Cikin Takarda: Daga Hatimin Fada zuwa Hoton Asibiti a Damagaram

Wanda ya ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani rubutun hannu ya kara ta da hasken rana, a zauren wani malami a Birnin Zinder ko a Kano, sau da yawa zai ga abin da marubucin bai rubuta ba: jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, kwance a cikin naman takardar. Wuƙa ba ta kankare su, ruwa ba ya wanke su, kuma da an shimfiɗa takardar a kan buzu sai su ɓace wa ido. Aikin masu yin takarda ne a Italiya. Sukan lanƙwasa siririyar waya su ɗinka ta a kan rariyar da ake tsame kunun tsumma da ita, sai wurin da wayar ta danna ya fi sauran sirantaka bayan takardar ta bushe, haske ya riƙa ratsa shi. Da yake tun takardar na jiƙe ake yin ta, Ingilishi da Jamusawa suka raɗa mata suna alamar ruwa. An fara dabarar a garin Fabriano wajen 1282, kuma a ƙarni na 19 masana'antar gidan Galvani da ke Pordenone na cikin waɗanda suka cika kasuwannin Turabulus da Masar da takarda mai wata uku. Matafiyin Bature Heinrich Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851 cikin kayan da ayari ke kawowa daga arewa, har ya lura cewa ana naɗe tufafi da ita. Wannan alama ita ce kakar wata fasaha da asibitocin duniya ke muhawara a kanta yau, wato ɓoye hatimi a cikin hoton jikin majinyaci don a san hoton na wane ne, kuma ko wani ya taɓa shi. Ra'ayina shi ne Damagaram ta daɗe da sanin matsalar da fasahar ke ƙoƙarin warwarewa, kuma waɗanda suka fi bukatarta su ne irin mutanen unguwar Kara-Kara ta Zinder, waɗanda ba su da mai tsaya musu ranar da takarda ta yi musu ƙarya.

Matsalar tsohuwa ce: saƙo yana tafiya nesa, mai saƙon ba ya biye da shi. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi, ya rasu a 1884, Zinder mahaɗa ce. Ta gabas akwai Kukawa, fadar Shehun Borno wanda Damagaram ke kai wa gaisuwa; ta kudu Kano; ta arewa Agadas da Gat da Gadamas har Turabulus. 'Yan kasuwar unguwar Zango suna ba da kaya bashi ga mutumin da ba za su sake gani ba sai bayan shekara, suna karɓar umarni daga abokan ciniki da ke bayan hamada. Barth da kansa ya zauna a Zinder daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853 yana jiran guzuri, kuma kuɗin da suka iso masa an ɓoye su ne cikin akwatunan sukari saboda tsoron hanya. A irin wannan duniya, wasiƙa ba ta da daraja sai an yarda da asalinta. Fadar Borno da gidan Waziri a Sakkwato sun warware wannan da hatimi: ƙarfe da aka sassaƙa sunan mai mulki a kansa, a shafa masa tawada a danna a jikin takardar da ke ɗauke da maganar. Haɗe da shi akwai salon buɗe wasiƙa da jerin laƙabi da hannun magatakarda, waɗanda fadawan da suka saba karɓar saƙon ke ganewa da kallo ɗaya. Asalin al'adar a wajen Musulmi sananne ne: lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakunan ƙasashe, aka gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa. Abin lura a nan shi ne inda shaidar take zama. Da a bakin ɗan aike take, da ta mutu in ya mutu, ta canza in an saye shi. Da a jikin gafaka take, da an zare takardar an sa wata. Sai aka sa ta a jikin abin da ake son karewa.

Amma magabata ba su ruɗi kansu da cewa hatimi ya gama magana ba. Tarihin fitinar da ta kai ga kisan Halifa Usman ɗan Affan a 656 yana ɗauke da labarin wasiƙa mai hatiminsa da aka kama a hannun wani ɗan aike, wadda ya rantse bai rubuta ba, bai kuma ba da umarnin a rubuta ba. Malaman fiƙihu sun tsawaita bahasi kan wasiƙar alƙali zuwa alƙali: da farko hatimi ya wadatar, da amana ta yi ƙaranci aka fara neman shaidu su tabbatar cewa lallai alƙali wane ne ya rubuta. Ko a Borno, masana tarihi sun yi ta jayayya kan wasu takardun mahram, waɗanda ke 'yanta wani gida daga haraji da sunan sarkin da ya daɗe da rasuwa, domin an sha kwafe su, kuma mai kwafa yana da abin da zai samu in ya ƙara layi. A irin wannan bincike ne wata ukun nan ke amfani, domin takardar da aka yi a ƙarni na 19 ba za ta zama ita ce ainihin wadda aka rubuta ƙarnuka kafin nan ba. Ke nan tun a wancan zamani tambayoyi biyu ne suke tafiya tare, daga ina abin ya fito, kuma an taɓa shi a hanya ko ba a taɓa ba, sannan amsar kowacce tana komawa ga hannun da ke riƙe da hatimin.

Bayan kisan Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder a Mayu 1898 da yaƙin Tirmini a Yuli 1899, Faransawa suka shigo da tasu duniyar takarda, kuma daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkinsu a Nijar kafin a mayar da ita Yamai. Hatimin ofis ya zauna kusa da na fada, sannan a hankali ya rinjaye shi. Sabon abin da suka kawo, wanda ya shafi zancenmu, shi ne mayar da jikin talaka rubutu. A da, mai magani yana duba majinyaci ya riƙe abin da ya gani a kansa. Yanzu sai ga rajista da kati da lamba. Ma'aikatar lafiya mai yawo da aka kafa a 1945 da cibiya a Bobo-Dioulasso ta riƙa tara mutanen gari a jere ana duba su saboda ciwon barci da kuturta, ana rubuta sunan wanda aka samu, kuma cibiyar Marchoux ta Bamako ta riƙa horar da ma'aikatan kuturta na yankin baki ɗaya. A ƙasar Maraɗi mishan suka buɗe asibitin kutare a Danja a shekarun 1950. Garuruwan Hausa dama suna da sarkin kutare da sarkin makafi, suna da wuraren da masu lalura ke taruwa, amma rubutu ya ba wa keɓewa wani ƙarfi da ba ta da shi a da. Kara-Kara unguwa ce da aka ware wa kutare a gefen Zinder. Kuturta kanta ta zama cuta mai warkewa: Gerhard Hansen ya gano ƙwayarta a Norway a 1873, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna a 1981, ana ba da shi kyauta tun 1995, wata shida ko goma sha biyu ya isa, kuma ba a gadonta. Sai dai sunan ya fi cutar daɗewa. Fim ɗin da Aïcha Macky, 'yar garin, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna jikokin waɗancan majinyata, lafiyayyun samari, da yawansu sun tashi ba makaranta ba takardar haihuwa, suna ɗauke da hukuncin da aka yanke wa kakanninsu. Babu unguwar da ta fi wannan sanin cewa abin da aka rubuta game da jikinka yana iya yanke inda za ka kwana da wadda za ka aura.

Ba da hoto ake gane kuturta ba. Ana gane ta da tabon fata da ba ya jin taɓi da kumburin jijiya. Amma tarin fuka da karaya da juna biyu da ciwon daji duk sun koma hannun hoto tun bayan da Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Nuwamba 1895. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma hoton ƙirji, wanda mutanen Nijar ke kira radiyo, ya samu irin wannan matsayi: in ya yi magana, gardama ta ƙare. Tsohon hoton leda ya cancanci wani ɓangare na wannan yarda, domin yana da nasa hatimin. Mai ɗaukar hoto yakan ɗora harafin darma a gefe, D ko G a ƙasashen Faransanci, don a bambanta dama da hagu, sannan a ƙona suna da kwanan wata a kusurwar ledar da haske. Harafin da ƙashin majinyaci suna shiga ledar a lokaci guda, da haske guda. Wanda ke son sauya suna sai ya yanke kusurwa, kuma yankan zai tona shi.

Wannan kariya ce aka rasa, ba tare da an yi shawara ba, da hoto ya koma cikin kwamfuta. Ƙa'idar DICOM, wadda ta samo asali a Amurka a 1985 ta ɗauki sunanta na yanzu a 1993, ita ce harshen da injunan hoton asibiti ke magana da shi a duk duniya. A tsarinta fayil yana da kashi biyu: goshi, inda ake rubuta suna da shekaru da kwanan wata da injin da ya ɗauka, da kuma hoton kansa, wanda tarin ɗigo ne, kowane ɗigo lamba. Ana iya gyara goshin da manhajar da kowa ke saukewa kyauta, ba tabo ba yanka. In kuwa aka mayar da hoton irin na wayar hannu don a tura shi, goshin yakan faɗi gaba ɗaya, ya bar huhu ba mai shi. Shaida ta koma jikin gafaka. A 2019 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila, ƙarƙashin Yisroel Mirsky, suka nuna iyakar haɗarin: sun horar da kwamfuta ta dasa ƙullutun daji a hoton sikana na huhu mai lafiya, ta kuma goge shi daga na mai ciwo. Ƙwararrun likitocin hoto uku da aka gwada sun yarda da dajin ƙarya a kashi 99 cikin 100, sun kuma wanke masu ciwon gaske a kashi 94 cikin 100. A shekarar dai, kamfanin Greenbone na Jamus ya samu ɗaruruwan rumbunan hoton asibiti a buɗe a intanet cikin ƙasashe 52, da bayanan gwaji sama da miliyan 24. Ban kawo waɗannan don in ce maharan kwamfuta sun tasar wa Zinder ba. Haɗarin da ya fi kusa da mu ya fi haka sauƙi kuma ya fi yawa: Hadiza biyu a layi ɗaya, Mamman uku a ɗaki ɗaya, hoto ya bi waya zuwa likita a Yamai, tazarar kusan kilomita 900, ko zuwa Kano, amsa ta dawo a manna ta a katin da ba nata ba. Kama da wane ba wane ba ne, amma huhu da huhu sai Allah.

Ɓoyayyen hatimi yana mayar da shaidar cikin naman hoton. Andrew Tirkel da Charles Osborne a Ostareliya ne suka aro wa fasahar sunan alamar ruwa a 1992, kuma wajen 2000 Gouenou Coatrieux da abokan aikinsa a Faransa suka fara tsara yadda za ta dace da asibiti. Yanki ɗaya na hoton sikana yawanci ɗigo 512 ne a tsaye 512 a kwance, 262,144 ke nan, kuma kowane ɗigo na iya ɗaukar ɗaya daga matakan duhu 4,096. In aka ƙara wa lambar ɗigo ɗaya ko aka rage, ido ba ya gani. Ta hanyar irin waɗannan ƙananan sauye-sauye, bisa tsarin da mabuɗin sirri ke jagoranta, ake saƙa saƙo a cikin hoton. Akwai hatimi mai tauri, wanda aka gina ya jure matsewa da ragewa, aikinsa ya faɗi asali, kamar wata ukun takarda. Akwai kuma mai rauni, wanda aka gina da gangan ya karye da an taɓa ko ɗigo kaɗan, har ya nuna wane sashe aka taɓa, kamar ɗinkin da ake yi wa bakin jakar saƙo. Tambayoyin nan biyu na malaman fiƙihu ne suka dawo cikin sabuwar riga.

Sukar farko daga likitoci take fitowa, kuma tana da nauyi: hoton majinyaci amana ne, wane ne ya halatta a sauya ko ɗigo ɗaya a cikinsa, alhali wani lokaci ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero shi ne bambancin rai da mutuwa? Wannan suka ce ta tilasta wa fasahar ta gyara kanta. Wasu suna sa hatimin a baƙin gefen hoto inda ba jiki. Wasu suna amfani da hatimi mai warwaruwa, irin wanda Jun Tian ya bayyana a 2003, inda mai mabuɗi ke karanta saƙon sannan ya zare shi, kowane ɗigo ya koma ainihin lambarsa. Ko mai sassaƙa hatimin Shehu bai taɓa samun wannan ba. Suka ta biyu daga masana kwamfuta take: DICOM na da tanadin sa hannu na lissafi tun farkon shekarun 2000, wanda ya fi kowane ɓoyayyen hatimi ƙarfi, me ya sa za a nemi wani abu? Gaskiyarsu, muddin hoto yana zaune cikin rumbun asibiti ɗaya mai tsari. Amma sa hannun a goshin fayil yake zama, inda goshi ya faɗi nan ya faɗi, kuma hotunanmu matafiya ne. Dole kuma a faɗi iyakar hatimin: WhatsApp yana matse hoto, matsewar tana karya hatimi mai rauni, kuma wanda ya ɗauki fuskar kwamfuta da kyamarar waya yana iya rasa har mai taurin. Sai dai karyewar ma labari ce. Tana gaya wa likitan da ke nesa cewa abin da ke gabansa kwafi ne, ya yi hattara kafin ya sa a yanka mutum.

Akwai mai cewa duk wannan zancen masu ƙoshi ne. Asibitin Ƙasa na Zinder yana karɓar majinyata daga Magariya da Mirya da Gure da Tanut, ƙwararrun likitocin hoto a Nijar kaɗan ne kuma galibinsu suna Yamai, wuta tana ɗaukewa, ina ake ta hatimin da ido ba ya gani? Amsata ita ce ƙarancin nan shi ne hujjar. Inda likitan hoto yake ɗaki na gaba, yana iya leƙowa ya ga majinyaci da idonsa. Inda babu shi, hoto ne ke tafiya shi kaɗai, kamar wasiƙar Zango a bayan raƙumi. Shirin RAFT na likitanci daga nesa, wanda ya fara a Mali a 2001 tare da asibitin jami'ar Geneva ya kuma haɗa da Nijar, a kan wannan tafiya aka gina shi. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince kwamfuta ta riƙa karanta hoton ƙirji wajen tantance tarin fuka, kuma kwamfuta ba ta tambayar mai huhu sunansa. Hoto kuma ba a asibiti kaɗai yake aiki ba. Yana zuwa gaban alƙali a shari'ar duka ko haɗarin mota, inda takardar likita ke cikin abin da ake auna girman rauni da shi. Yana shiga takardun neman a fitar da mutum waje magani. Yana shiga neman biza. Attajiri in ya yi shakka sai ya biya a sake ɗauka, ko ya tafi Kano ya ji ta bakin wani likita. Saurayin Kara-Kara da aka fasa wa haƙarƙari yana da hoto ɗaya, wanda aka tara kuɗinsa da kyar, kuma maganarsa ba ta da nauyi a gaban ta wanda ya doke shi. Kuɗin hatimin kuwa na manhaja ne, kuma lokacin da ya fi arha a nema shi ne ranar da ake rubuta sharuɗɗan sayen sabon inji.

Sukar da ta fi damuna ita ce wadda tarihin Kara-Kara da kansa yake yi. Alamar da ba ta gogewa tana da fuska biyu. Zanen da wanzami ke yi a kunci ya taimaki dangi su gane nasu a zamanin da harin bayi ya cika ƙasar nan, Damagaram kuma ba a baya take ba a wannan hari, amma zanen dai shi ne ke faɗa wa kowa asalin mutum ko yana so ko ba ya so. In aka saƙa sunan mace da cutarta da unguwarta a cikin hoton ta yadda ba mai iya cirewa, an ƙera mata sabuwar Kara-Kara da za ta bi ta duk inda hoton ya je, har cikin ajin ɗaliban likitanci da rumbun kamfanin da ke horar da kwamfuta. Ba na ganin wannan ya rushe hujjar, amma ya iyakance ta sosai. Abin da ya kamata ya shiga cikin hoto shi ne lamba marar ma'ana ga baƙo, da ranar ɗauka, da shaidar injin, da lissafin da ke tona taɓawa. Littafin da ke haɗa lambar da suna ya zauna a asibiti. Daga nan sai tambayar da wasiƙar zamanin Halifa Usman ta bari: wa ke riƙe da zoben? Mabuɗin da kowane ma'aikaci ya sani, ko wanda kamfanin da ya sayar da inji ya tafi da shi ƙasarsu, zai buga hatimin gaskiya a kan ƙarya, kuma wannan ya fi rashin hatimi muni, domin yana rufe bakin mai ƙorafi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda irin wannan doka ke tsananta wa. Aikin da ya rage na ofis ne, irin wanda gidan Waziri ya san shi: a ambaci mutum da muƙaminsa a matsayin mai riƙon mabuɗi a kowane asibiti, a rubuta duk wanda ya buɗe hatimi da ranar da ya buɗe, a canza mabuɗin in mai riƙon ya bar aiki, sannan a ba majinyaci, ko da bai iya karatu ba, hakkin ya nemi a tabbatar masa a gaban shaida cewa huhun da aka yanke masa hukunci da shi nasa ne.